Shayin Furen Sin: Abin Da Ke Cikin Kofin Da Abin Da Babu

 

Iyayena maza da mata, malamai, 'yan'uwana mazauna Libreville, da ku fatake masu kai da kawowa tsakanin nan da Bitam da Garwa da Kano da Maraɗi, ina yi muku barka da war haka. Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne yawan tambayar da ake yi mana a kansa. Mutum zai zo awo, idan an gama sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar leda mai ɗauke da busassun furanni, farare masu ratsin rawaya, ya ce a kantin 'yan Sin ya saya, ko kuma wani ya ba shi tsaraba. Daga nan sai ya kunna mana saƙon murya da aka turo masa ta WhatsApp, inda ake cewa furen yana wanke jini, yana sauke hawan jini, yana ƙara hasken ido, yana kashe ciwon sukari. Tambayar kullum ɗaya ce: gaskiya ne?

Zan ba ku amsar tun daga farko don kada wani ya tashi da rabin zance. Shayin wannan fure abin sha ne mai kyau, kuma ni kaina ina shan sa. Amma ba magani ba ne, kuma duk wanda ya ajiye ƙwayar da likita ya ɗora shi a kai ya koma gare shi, ya sa ransa cikin haɗari.

Furen ba shi da suna a Hausa, domin ba tsiron ƙasarmu ba ne. Da Faransanci ana ce masa kirisantem, mutanen Sin kuma suna kiran sa juhuwa. Sun fi shekara 2,000 suna noma shi, kuma sunansa yana cikin tsofaffin littattafansu na magunguna. Babban masanin tsirransu, Li Shizhen, wanda ya kammala kundinsa a 1578 aka buga shi a 1596, ya yi bayani a kansa. Har yau akwai garuruwan da suka yi suna da shi, kamar yadda Dawanau ta yi suna da hatsi: Tongxiang a lardin Zhejiang tana fitar da fararen furanni, yankin Huangshan a lardin Anhui kuma yana fitar da wani iri ƙanana. Ana tsinkar furen wajen watan Oktoba da Nuwamba, a turara shi ko a gasa shi sama-sama, sannan a busar. Zuwansa nan ba abin mamaki ba ne. Gabon ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasar Sin tun 1974, kuma kun ga yadda 'yan ƙasar suka yawaita a harkar gine-gine da katako da kantuna. Baƙo kuwa ba ya zuwa sai da abin shansa, kamar yadda mu ma muka zo da goro da zoɓo da kanwa.

Akwai wani abu a fahimtar masu maganin gargajiyar Sin da zai yi muku kama da na gida. Su ma suna kasa abinci da cututtuka gida biyu, masu zafi da masu sanyi. A wurinsu wannan fure mai sanyaya jiki ne, shi ya sa suke ba da shi ga wanda idonsa ya yi ja, ko kansa ke sarawa, ko maƙogwaronsa ya bushe saboda mura. Bahaushen da ya saba jin ana cewa zafi ya yi wa wane yawa, a jiƙa masa tsamiya, ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Ina ganin wannan kamanceceniya tana cikin abin da ya sa furen ya samu shiga a wurinmu da sauri. Sai dai mu lura, su kansu masu furen ba su taɓa rufe asibitocinsu saboda shi ba. Ga asibitin haɗin gwiwar Sin da Gabon nan cikin garin nan, wanda ya je da hawan jini za a auna shi ne a rubuta masa ƙwaya.

To me ke cikin kofin? Mafi yawansa ruwa ne, kuma kada ku raina wannan. A gari mai zafi da gumi kamar namu, wanda yake yini a tsaye a kasuwar Mont-Bouët ko yake tuƙa tasi daga Owendo zuwa Akanda, ruwan da ya sha shi ne abu na farko da ƙodarsa take bukata. Idan ɗanɗanon fure ya sa mutum ya ƙara shan kofi biyu na tafasasshen ruwa a rana, an samu riba. Abu na biyu, ba shi da kafeyin, wato sinadarin nan da ke cikin gahawa da ganyen shayi da goro, mai hana barci da sa zuciya bugawa da sauri. Wanda ya saba shan shayi mai kauri bayan Isha'i, ya kwana yana juyi, idan ya musanya shi da wannan zai ga bambanci. Abu na uku, idan ba a zuba masa sukari ba, ba ya ƙara wa jiki ƙiba ko kaɗan.

Bayan waɗannan akwai sinadaran tsiro da masana suka tace daga furen, irin su luteolin da apigenin, waɗanda ke cikin rukunin da ake kira filabonoyid. A ɗakin gwaji an ga suna rage kumburi a ƙwayoyin halitta, kuma a jikin ɓeraye an ga wasunsu suna sassauta jijiyoyin jini. Daga nan ne masu talla suke ɗebo maganarsu. Abin da ba sa faɗa muku shi ne, yawancin binciken a kwalba da jikin dabbobi aka yi shi, da ruwan furen da aka tace aka kaurara fiye da abin da ke cikin kofinku nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane kaɗan ne kuma ƙanana, ba su kai a kafa hukunci a kansu ba. Sinadaran nan kuma ba furen Sin kaɗai ke da su ba, ana samun irinsu a albasa da tattasai da lemu da ganyayen miya.

Batun bitamin ma haka yake. Ana cewa furen yana da bitamin da ma'adanai, kuma idan aka auna busasshen fure kilo guda za a same su. Amma kai fure biyar ko shida kake jefawa a kofi, kuma ba ka cin furen, ruwan kake sha. Abin da ya isa jikinka bai taka kara ya karya ba. Mai neman bitamin A don lafiyar ido ya nufi manja da gwanda da mangwaro da karas da ganyen rogo da zogale. Mai neman abin gina jini ya nufi kifi da hanta da wake. Duk waɗannan suna nan a kasuwa, kuma sun fi ledar fure araha.

Bari in ba ku labarin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi. Akwai wani dattijo mai sayar da yadi, ba zan faɗi sunansa ba, wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini shekaru kaɗan da suka wuce. Ya gaji da shan ƙwaya kullum, kuma kuɗinta yana damunsa. Wani abokin cinikinsa ya kawo masa furen nan, ya fara sha safe da yamma, ya ji kansa ya daina nauyi, barcinsa ya gyaru. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ya warke, ya daina sayen magani. Bai je awo ba, don a ganinsa mai lafiya ba ya zuwa asibiti. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Yau yana raye, alhamdu lillahi, amma ɗansa ne ke buɗe shagon, shi kuma sai an kama shi yake tashi. Ba furen ne ya shanye masa ɓarin jiki ba. Abin da ya ajiye ne ya kayar da shi.

Hawan jini ciwo ne da ba ya sallama. Mutum zai iya yawo da shi shekara goma yana jin garau, alhali yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido a hankali. Jin sauƙi a jiki ba shaida ba ce cewa ya sauka, kuma ciwon kai ba shi ne ma'auninsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 wanda ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 1.3 ke ɗauke da shi, wato babba ɗaya cikin uku. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Hanyar sani ɗaya ce, a ɗaura maka abin awo a dantse. Idan lamba ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka sake samun haka a wata rana dabam, to akwai shi. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, to ashe babu wani abin sha daga tsiro da ke taɓa hawan jini? Akwai, kuma abin dariyar shi ne yana cikin kicin ɗinku tun kafin ku ji sunan kirisantem. Zoɓo nake nufi, wanda ake kira bisap a nan, ake kira folere a Kamaru, wanda 'yan'uwanmu na Gabon suke dafa ganyensa, wato yakuwa, da kifi. Jigawa da Kano da Katsina da jihar Maraɗi suna noma shi, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa Meziko da Turai. An fi gwada shi a kan mutane fiye da furen Sin. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts da ke Boston ta Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya ɗan hau kuma ba sa shan magani. Wasu suka riƙa shan kofi uku na zoɓo kullum har mako 6, wasu kuma aka ba su wani ruwa mai kama da shi. Lambar sama ta masu shan zoɓo ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran da kimanin maki 1.

Ku dubi wannan lissafi da idon ɗan kasuwa. Maki 7 abu ne mai amfani ga wanda yake kan 135. Wanda yake kan 175 kuwa, ko ya samu duka bakwai ɗin yana nan cikin wuta. Idan zoɓon da aka fi tabbatar da aikinsa iyakarsa ke nan, ina ga furen da ba a tabbatar ba? Kuma zoɓon da ake ƙullawa a leda ko a ɗura a gora a sayar a bakin titi, sau da yawa sukarin da ke cikinsa ya cinye amfaninsa.

Sukari shi ne inda nake so mu ɗan daɗe, domin a nan ne shayin fure zai iya yi muku aiki na gaske, a nan ne kuma zai iya zama yaudara. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ita ce, sukarin da babba yake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma idan ya tsaya a giram 25 ya fi. Yanzu mu ƙirga namu. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali tana da giram 5 zuwa 6. Wanda yake jefa uku a kofi, sau uku a rana, ya kusa cika giram 50 bai ci komai ba tukuna. Madarar gwangwani mai kauri da mai shayi yake tsiyaya muku da safe, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 35. Ban ma ambaci shayin zaure ba, wanda ake dafawa zagaye uku, kowane zagaye da nasa sukarin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka idan kofin fure marar sukari ya maye gurbin kwalbar lemo ta rana, ko zagaye na biyu da na uku na shayin dare, wallahi an ci riba, kuma ribar daga abin da aka bari ta zo. Idan kuwa aka zuba masa cokali uku, an koma gidan jiya. Ku yi hattara musamman da wanda ake sayarwa a kwali ko gwangwani an riga an haɗa, da kuma garin da ake zubawa a ruwa ya narke nan take. Yawancinsu ruwan sukari ne da ƙanshin fure. Ku juya bayan kwalin ku nemi layin da aka rubuta adadin sukari, ku tuna cewa kowane giram 4 ƙaramin cokali ɗaya ne. Zuma ma, duk da albarkarta, a wannan lissafi sukari ce, mai ciwon sukari ya sani.

Gishiri ɗan'uwan wannan magana ne, kuma ya fi kowane shayi tasiri a kan hawan jini. Iyakar da aka shata ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya da kifin gishiri da burodi. Uwargida da ta rage dunƙule daga huɗu zuwa biyu, ta jiƙa kifin gishiri ta zubar da ruwan sau biyu kafin ta dafa, ta yi wa maigida abin da leda goma ta fure ba za ta yi masa ba.

Akwai waɗanda ya kamata su yi nesa da furen ko su yi tambaya kafin su sha. Dangin tsirran da ya fito daga ciki babba ne, shuwaka da latas da tazargade duk 'yan gidan ne, kuma wasu mutane jikinsu ba ya karɓar wannan dangi. Wanda ya sha ya ga borin jini, ko ƙaiƙayi, ko leɓɓansa sun kumbura, ya daina. Wanda numfashinsa ya fara sarƙewa a kai shi asibiti a lokacin. Mai juna biyu da mai shayarwa su haƙura da shi, domin ba a yi binciken da ya tabbatar da amincinsa a gare su ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, ba a ba shi komai sai nonon uwa, ko ruwa, balle shayi. Mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon ƙoda, da wanda ke kan maganin ƙanjamau ko tarin fuka, ya nuna wa likitansa ledar kafin ya mai da shi abin sha na kullum. Kuma ina roƙon ku, kada a ɗiga ruwansa a ido ko a wanke ido da shi. Jan ido yana iya zama afolo, yana iya zama abin da ya fi haka, kuma ruwan da aka jiƙa ganye a ciki yana iya shigar da ƙwayar cuta.

Zazzaɓi kuma, a ƙasar nan, sunansa maleriya har sai gwaji ya ce ba ita ba ce. Yaron da jikinsa ya yi zafi ba a jira da shi ana ba shi shayi mai sanyaya jiki, a kai shi a ɗiga jininsa a gwada cikin sa'o'i 24. Tun da na ambaci tazargade, ga wani abu da ya dace da zancenmu. Daga wani tsiro na jinsinta ne masaniyar Sin Tu Youyou ta fitar da sinadarin artemisinin, wanda aka ba ta kyautar Nobel saboda shi a 2015, kuma shi ne ginshiƙin maganin maleriyar da ake ba mu yau. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙon ganyen a madadin maganin ba, domin ba a san yawan sinadarin da ke cikin kowane kofi ba, kuma ɗan kaɗan ɗin da bai kashe cutar ba yana koya mata jure magani. Akwai kuma wani ɗan'uwan kirisantem, farin fure da ake nomawa a Kenya da Tanzaniya da Ruwanda, wanda daga gare shi ake samun maganin sauro, kuma a kan tsarinsa aka ƙera wanda ake jiƙa gidan sauro da shi. Wannan ba a shan sa. Haka ma furannin ado da ake sayarwa a tukwane, waɗanda Faransawa suke kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba, an fesa musu maganin ƙwari, ba na tukunyar shayi ba ne.

Wanda yake son sha, ga yadda ake yi. A zaɓi furen da yake cikakke, mai ƙanshi mai daɗi, launinsa fari-fari ko rawaya. Wanda ya yi fari fat kamar takarda, yana tashin wari mai tsami da ke shaƙe hanci, alama ce an turara shi da farar wuta don ya yi kyan gani, a bar shi. A sa fure huɗu zuwa shida a kofi, a ɗauraye su da ruwan zafi a zubar, sannan a cika kofin da tafasasshen ruwa a rufe minti 3 zuwa 5. Ana iya ƙara ruwa a kan furen nan sau ɗaya ko biyu. Mai son ɗanɗano ya yanka citta ko ya matsa lemun tsami ko ya jefa na'ana'a. Kofi ɗaya ko biyu a rana ya wadatar. Wajen ajiya kuma ku tuna nan ba Katsina ba ce, inda busasshen abu zai shekara a buhu bai canza ba. Ruwan saman da ke sauka a Libreville ya haura milimita 2,500 a shekara, kuma danshi yana shiga ko'ina. A juye furen a kwalba mai murfi, a sayi kaɗan kaɗan, wanda ya yi laushi ko ya fara fumfuna a zubar da shi ba tare da jin asara ba. Zoɓo da citta da kanumfari ma haka.

Saura ku matafiya. Hanyar Oyem da Bitam zuwa Ambam da Yawunde, daga can a hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, a bi ta Garwa a shiga Yola ko a wuce Arewa, tafiya ce ta kwanaki, kuma wanda ya je gida ba ya dawowa ranar da ya ce. A irin wannan tafiya ne muka fi ganin mutane suna yanke magani, ya ƙare a hanya, sunan da aka sani a kantin magani na nan ba a san shi a can ba, sai a ce bari a riƙa shan jiƙo kafin a koma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku tashi ku sayi maganin da zai kai ku ya dawo da ku har da rarar mako biyu, ku sa shi a jakar hannu ba cikin kayan da ake ɗaurewa a saman mota ba. Ku roƙi likita ko mai kantin magani ya rubuta muku ainihin sunan sinadarin da ƙarfinsa a takarda, misali amlodipine miligiram 5 ko metformin miligiram 500, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma wannan sunan za a gane shi a Libreville da Garwa da Kano da Maraɗi. Ku ɗauki hoton takardar a waya. Kada ku sayi ƙwaya a tire ko a tasha, inda rana ta gasa ta kuma ba a san asalinta ba.

Wanda bai auna jininsa ba cikin shekarar nan, ya yi haka a makon nan, a wurin ma'aikatanmu ko a cibiyar lafiya ko kantin magani mafi kusa da shi. Kada ya ci goro ko ya sha gahawa ko taba rabin sa'a kafin awon. Ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, kada ya yi magana lokacin da ake aunawa. A rubuta masa lambobin biyu da kwanan wata a bayan wannan takarda, ya zo mana da ita a zama na gaba, tare da ledar furen idan yana da ita, mu duba ta tare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.